Ƙwallon Mangwaron Bana

Bishiyar mangwaro ɗaya ta rage a garin, shi ya sa kowace bazara ake jefa ƙuri'ar zama a inuwarta. Bana yammacin farko ya faɗa kan Uwani da ƙawayenta, Kande da Tabawa. Suna kan tabarma suna shan zoɓo, suna tsokanar juna, sai ga nunanne ya faɗo tim! Suka rangaɗa guɗa, suka raba shi uku.

Da magariba mai gadin bishiyar ya miƙo wa Uwani hannu. "Hajiya, ƙwallon. Na hukuma ne."

Uwani ta tuna ramin da ta haƙa a bayan ɗakinta. Ta tsuke baki, kumatu a kumbure.

"Haba malam," in ji Kande, "ba ka ganin haƙori ke damunta?"