Mai Fentin Gingimari da Jirginsa

Zauna, ƙanwata, in ba ki wani misali, tunda kin ce cikin abubuwan da kika rungumo babu wanda za ki iya saki.

An yi wani mai fentin gingimari a wata tasha. Aikinsa duk a bayan mota yake, nan yake zana zaki da ɗawisu da dabino, domin a sana'arsu baya ake zuba wa ado, inda mai biye zai yi ta kallo. Da furfura ta fara fito masa sai sha'awar ƙaramin jirgin sama ta kama shi, irin wanda ake tuƙawa da rimot mutum yana tsaye a ƙasa. Damina guda ya kwashe yana yanka farin soson nan da ake tokare firij da shi a cikin kwali, yana gogewa, yana liƙawa da gam. Wani amininsa mai gyaran rediyo ya haɗa masa wayoyi da ɗan inji da farfela. Da jikin jirgi ya kammala, hannunsa ya koma ga abin da ya saba. Ya zauna a kan wutsiya ya zana ɗawisu, fenti a kan fenti, ya jera ƙananan madubai a gashinsa, ya bi da mai sheƙi. Da bakinsa ya ce a duk rayuwarsa bai taɓa zanen da ya kai wannan ba.

Ranar da za a tashi jirgin, direbobin tasha suka biyo shi da hantsi zuwa wata gona da aka riga aka girbe. Ya shimfiɗa buhu, ya durƙusa. Ya ɗora fiffike a gadon bayan jirgi, ya auna hagu da dama da igiya har suka zo daidai, ya ɗaure da roba a gicciye. Ya cusa batir. Ya koma bayan jirgin ya tsaya, ya taɓa sandar rimot, sai ga gefen fiffike ya motsa, wutsiya ta karkata, kamar abu mai rai yana miƙa. Direbobi suka ja da baya suna salati. Saura abu ɗaya, wanda ba a tsallake shi: ya sa yatsa ɗaya a ƙarƙashin kowane fiffike, ya ɗaga jirgin, ya bar shi ya nemi zamansa. A hankali wutsiya ta sunkuya, hanci ya kalli sama. Ya tura batir gaba har ya ƙure, ya sake ɗagawa, wutsiya ta sake sunkuyawa. Shi kuwa ya san ma'anar wannan. Jirgin da bayansa ya rinjaya zai ɗaga kai ya tsaya cak a iska, sannan ya rikito ya tarwatse. Amininsa ya liƙa manyan notunan ƙarfe a hancin jirgin, jirgi ya daidaita, amma da suka kunna inji yana riƙe a hannu sai suka ji jansa ya raunana, nauyi ya fi ƙarfin farfela. Suka cire. Wani direba ya ce a kai shi gida a rataye a falo, kyansa ma ya isa. Wani kuma ya yi dariya ya ce, "Haba maigida, jefa shi kawai. Mu da muke lodi har sama, ba ma isa Legas?" Mai fenti ya ce, "Mota in ta gaza tana da gefen titi. Shi wannan ina zai raɓe?"

Iska ta fara kaɗawa, kuma in ta yi ƙarfi tashi ya fasu. Ya daɗe yana kallon ɗawisun nan. Sannan ya laluba aljihu ya ciro reza. Ya ɓamɓare madubai ɗaya bayan ɗaya suna zuba a kan buhu, ya kankare shuɗi, ya kankare kore, har wutsiya ta koma fara fat, duk tabon reza, abin da ko yaro ba zai yi alfahari da shi ba. Ya sake ɗora jirgin a kan yatsunsa. Ya ɗan yi rawa kamar ma'auni, ya tsaya daram. Amininsa ya fuskanci iska, ya yi bisimilla, ya cilla shi. Jirgi ya ɗan nutsa har ciyawa ta kusa shafarsa, sai ya kama iska ya hau. Ya wuce kan dorawa, ya yi ta hawa har ƙarar injinsa ta koma kamar ta sauro, har wata shirwa ta karkato ta jera da shi tana dubansa. Mutanen da suka shekara suna tuƙa ƙarfe mai nauyin gida suka tsaya baki buɗe, hular ɗaya ta faɗi bai sani ba. Can wani ya ce a hankali, "Ikon Allah, soso ne fa." Mai fenti kuwa kansa na sama, yatsunsa da suka yi dumu-dumu da ɓawon fenti suna lallaɓa sandar rimot, jirgi yana kewaya gonar yadda ya so.

Shi ya sa Hausawa suka ce taura biyu ba ta taunuwa.