Ta Baya Ake Fita

Tun gudumar na sama, ƙwallon ƙarfen yana jan wayarsa kamar wutsiya, tsohon ya san inda za ta sauka. Shekara talatin da ɗaya ke nan, duk gasar jifan guduma ta duniya sai an kafa 'yar tuta daidai inda jifansa ya tsaya, kuma ba wanda ya taɓa wuce ta.

Yau an wuce ta. Taku biyu gaba da tutar, ƙasa ta yi tsalle.

Fili ya kaure da ihu. Mai jifan, ɗan tsohon na cikinsa, ya ɗaga hannuwa a tsakiyar da'ira, murna ta ɗebe shi ya nufi gaba. Ita kuwa doka ba ruwanta da murna: duk wanda ya fita ta gaban da'ira, jifansa ya rushe. Alƙalin wasa har ya fara ɗago jan ƙyalle.

Tsohon ya gani. In ya yi shiru na daƙiƙa ɗaya, sunansa ya zauna daram a tarihi, kuma ba mai cewa ya gani.

"Kai, shashasha! Ta baya!"

Ƙafar ɗan ta tsaya cak a iska. Ya janye ta, ya juya, ya fita ta baya. Alƙali ya ɗaga farin ƙyalle.

Matar tsohon ta matso kusa da kunnensa.

"Baban yara, na ga kamar ka ɗan jima kafin ka buɗe baki."

Idonsa na kan ma'aikacin da ke tuge tutar.

"Na jima," ya ce.