Ƙwayar Kunnen Malam Tanimu

Ranar da Kulu ta fita takaba, ta je kasuwa cefane. Tana zaɓen attaruhu sai ƙwayar na'urar da aka dasa mata a bayan kunne ranar aurensu ta yi ƙara, irin wadda take yi in mijinta, Malam Tanimu, ya matso kusa da ita.

Alhali kuwa ƙanensa da ya wanke gawar ya rantse mata cewa da tasa ƙwayar aka binne shi.

Ta waiga. Wani baƙo ne tsaye yana sosa bayan kunne.

"Baiwar Allah," ya ce, "ko ke ce Kulu? Wata huɗu ke nan da na sayi abin nan, kullum sunanki yake kira."