Jar Leda da Shuɗiyar Leda

Rukmini ta ɗora ƙarfen a kan teburin awo, ta goge shi da ƙyalle, ta sauko da allurar na'ura. Ƙarfen bai fi ɗan yatsa ba. Abin da ake so ta auna wata 'yar lanƙwasa ce a gefensa, guntuwa kamar yankan farce.

Duk masana'antar nan ta tsibirin Batam babu aikin da ta tsana irin wannan. Allura za ta taɓa lanƙwasar nan da can, na'ura ta ƙiyasta girman da'irar da aka gutsuro ta daga ciki. To idan gutsuren ya yi ƙanƙanta, ƙwayar ƙura ɗaya ta isa ta sauya lissafin. Ka auna ƙarfe yanzu ya ci gwaji, ka sake aunawa ya faɗi.

Ita kaɗai take wuni a ɗakin, cikin sanyi kamar na firji. Ba a yawan shigowa, don ɗumin jikin mutane ma yana ɓata awo. Tun da ta baro garinsu a tsibirin Jawa, mutum ɗaya ne yake zama kusa da ita lokacin cin abinci, Baba Darsono, tsohon da ke yankan ƙarfe. Kayan injinsa a jar leda suke zuwa mata.

"'Yar nan, kin zama ƙanƙara a ɗakin can," in ji shi, ya turo mata kifinsa. "Ci yaji ki narke."

Sai aka kawo sabon inji mai sarrafa kansa, aka ba shi shuɗiyar leda. Ba a yi mako ba magana ta bazu cewa masu sayen kaya a Singapore suna ƙorafi, kuma za a sallami mutum ɗaya. Rukmini ta dubi furfurar Baba da rawar hannunsa. In ya tafi, wa zai ƙara kiran sunanta a garin nan?

Ranar Litinin Oga Hendra, shugaban sashe, ya shigo da kansa, riƙe da jar leda mai ƙarfe ɗaya a ciki.

"Auna min lanƙwasar."

"Ranka ya daɗe, wannan kaɗai?"

"Ke dai auna."

Ta auna, ya faɗi. Ta hura, ta goge, ta ɗan matsar da allura, ta sake. Ya ci da kyar. Sakamakon na biyun nan ta faɗa masa. Ya ɗauki ƙarfen ya fita bai ko dube ta ba, ya dawo da shuɗiyar leda. Ta auna, ya faɗi, ta faɗa masa haka nan, ba ta maimaita ba.

Haka suka wuni, ya fita da ɗaya ya shigo da ɗaya, ja da shuɗi, shuɗi da ja. In ja ne sai ta yi ta lallaɓa allura har ta sami abin da take so. In shuɗi ne, abin da ya fara fitowa shi ne. Ta ce wa ranta ai ba ƙarya ta yi ba, duk lambobin na'ura ce ta bayar. Kuma inji ba shi da iyali.

Da rana ta ci abincinta har da ƙari, tana ta yi wa Baba dariya ba dalili.

La'asar ta yi, Oga Hendra ya ja kujera ya zauna, abin da bai taɓa yi a ɗakin ba.

"Jan duk sun ci, shuɗin kusan duk sun faɗi," in ji shi.

"Ai hannun Baba Darsono ba wasa ba ne, Oga."

"Wa ya ce miki Darsono ake gwadawa? Awon ɗakin nan ake ƙorafi a kai, Rukmini." Ya ajiye ledojin biyu a gabanta, jar fanko, shuɗiyar da ƙarfe a ciki. "Guda ɗaya ne tal tun safe. Leda kawai nake sauya masa a bayan ƙofa."