Hukuncin Farfesa

Farfesa ya shigo ɗakin duba hotunan ƙwaƙwalwa yana shafa tsintsiyar hannunsa. Babu agogo. Ya yi tsaki, ya ce ma'aikatan yanzu ko inuwarka ka ajiye sai sun ɗauke.

Likitan da ke jiransa tsohon ɗalibinsa ne, wanda Farfesa ya sha kira da kan kabewa a gaban aji. Yau kuwa har da rusunawa. Ya kunna allo, hoton ƙwaƙwalwar wani dattijo ya bayyana.

"Ranka ya daɗe, iyalinsa ne suka rasa tudun dafawa. Su koma da shi gida, ko su kai shi gidan jinyar tsofaffi? Sun ce abin da ka faɗa shi za su bi."

Farfesa ya gyara tsayuwa. Kunnuwansa na ta ƙugi tun ɗazu, amma bai kula ba. Ya ɗora yatsa a kan hoton, can ciki, saitin kunne.

"Nan ake ajiye abin da mutum ya koya. Mai lafiya, da ya ga abin da ya sani, sai wurin ya yi haske. Wannan fa? An nuna masa hoton 'yarsa, ko ƙyas. Ya tsotse kamar tsohon lemo."

Wata matashiya a bayan ɗaki ta toshe baki da mayafi. Farfesa ya tsani ɗalibai masu arhar hawaye.

"Ke, nan ba gidan makoki ba ne."

"Amma in ana zama da shi kullum fa?" ta tambaya.

"Zuba ruwa a kwando ne. Su kai shi, su ja ƙofa, su ci gaba da harkokinsu. Kango ne ya rage, mai gidan ya daɗe da tashi."

Likitan ya juya gare ta, murmushi ya ƙi ɓoyuwa. "To, kin ji da kunnenki. Ni kan kabewa ne, amma shi ba ya kuskure."

Nas ta shigo da ɗan faranti: zobe, makullai, agogo, ƙarafan da ake cire wa mutum kafin a tura shi cikin na'urar nan mai ƙugi.

Matashiyar ta share ido, ta bar makullan gidan a faranti, ta ɗaura wa Farfesa agogonsa.

"Taso mu je, Baba. Motar gidan jinya tana waje."