Shafin da Ya Nuna Ƙaho Ya Ɓoye Rago

To ƙanwata, tunda kin ce kin kammala koyon zayyana shafukan intanet, har an ba ki takardar shaida mai ado a gefe, gyara zama in ba ki misali. Ban ce da idona na gani ba, amma wanda ya ba ni labarin ba ya ƙarya sai in ya ƙoshi.

Akwai wani mai irin sana'ar nan taku, gwani na a zo a gani. In ya zauna gaban kwamfutarsa mai faɗin ƙofar shago, launi da kansa yake zuwa ya durƙusa ya tambaye shi inda zai kwanta. Wata rana wani mai kiwon raguna ya same shi. Layya ta matso, turke cike da dabbobi, kowanne na cin dusa kamar ba gobe. Buƙatarsa ɗaya ce: a yi masa shafi, mutane su ga raguna a wayoyinsu, su kira, su saya kafin a sauko daga Idi. Kin dai san halin rago, in Sallah ta wuce yana turke, ya tashi daga haja ya koma baƙon da ba ya tafiya. Gwani ya duƙufa. Abin da ya fito daga hannunsa, Allah mai iko. Kina buɗewa sai gari ya waye a fuskar kwamfuta, rana ta ɓullo a hankali ta bayan tsauni, balbelu su gifta, sarewa ta tashi, sannan farin rago ya tako yana waiwaye, ana iya ganin gashin wuyansa ɗaya bayan ɗaya. Rubutu ruwan zinariya, siriri kamar zaren surfani. An ce wata tunkiyar maƙwabta ta leƙo ta taga ta hango shi, tun daga ranar ta daina kula ragon gidansu. Shi kansa mai ragunan hula ya cire ya riƙe a hannu, ya ce bai taɓa sanin haka dabbobinsa suke da kwarjini ba.

Aka saki shafi, aka zauna jiran kira. Shiru. Wayar mai raguna ko tari ba ta yi ba, dusa kuwa sai ƙarewa take. Gwani ya ce lalle ado ne bai isa ba, ya kama hanyar ƙauyen mai raguna don ya ƙaro hotuna. Ya yi ta ɗauka har cajin babbar wayarsa ya ƙare. Mutane kuma suka taru suna son ganin abin mamakin da ake ta labari, dole ya ari ta mai raguna, 'yar ƙarama mai tsagaggen gilashi, irin wadda ke aljihun yawancin masu saye. Ya danna. Wani zobe ya kama juyawa a fuskar wayar, shafi ya ƙi buɗewa. Aka kira la'asar, aka yi, aka dawo, sai ga ƙaho ya fito. Ƙaho kaɗai, murɗaɗɗe, mai kyau kuwa. Kafin a kai ga kunne saƙo ya shigo cewa data ta ƙare. Wani a cikin taron ya tambaya cikin ladabi, "Malam, ƙahon daban ake sayarwa?" Aka sa wata data. Da ragon ya gama fitowa, rubutun zinariya ya narke a hasken rana, wurin da za a danna a kira kuma ƙanƙane kamar ƙwayar gero, babban yatsa na rufe shi har da maƙwabtansa.

Nan aka ga gwaninta ta gaskiya, ƙanwata. Mutumin nan bai zagi sabis ba, bai ce mutane ne ba su waye ba. Ya kife kwamin dusa ya zauna, ya ɗora 'yar kwamfutarsa ta hannu a cinya, ya fara yanka abin da ya fi so. Ya yanke fitowar rana. Ya kori balbelu, ya sallami mai sarewa. Hotuna ya rage musu nauyi har suka koma kamar ganye, rago kuwa bai rasa komai da ido zai nema ba. Rubutu ya mai da shi baƙi a kan fari, manya-manya, yadda mai hawan keke zai karanta da tsakar rana. Ƙarƙashin kowane rago farashinsa, ƙarƙashin farashi wurin kira, ƙato kamar goro. Duk abin da ya canza sai ya miƙa 'yar wayar ga na kusa da shi, ba tare da ya nuna masa inda zai danna ba, ya zuba wa yatsansa ido. Inda yatsa ya tsaya yana lalube, nan yake gyarawa.

Kafin magariba, ana dannawa rago na tsaye, kamar da ma yana laɓe a bayan gilashin. Washegari waya ta fara kuka, ta yi zafi har sai da aka riƙa yi mata fifita. Ranar jajibere turke ya zama fili, igiya ma sai da aka taya. A cikin masu sayen nan babu wanda ya yabi shafin, babu ma wanda ya lura da shi. Rago suka gani, rago suka saya. Shafin farko kuwa yana nan a kwamfutar gwani, in kewar balbelunsa ta taso sai ya buɗe ya kalla, shi da tunkiyar nan.

Saboda haka in kin gama naki aikin, kafin ki kira ni in zo in yi santi, ari wayar da ta fi kowacce tsufa a gidanku, ki fita rana ki danna. Hausawa sun riga sun gama magana: ba girin-girin ba, ta yi mai.