Barewa Mai Shayarwa

Tun da ƙungiyar mafarauta ta karɓi hayar dajin Alhaji Gambo, kowace barewa tana sanye da abin wuya. In garke ya yi yawa, na'ura ce ke zaɓar wadda za a rage, sai abin wuyanta ya koma kore. Maharbi ya ƙi harbi, a soke hayar.

Da hantsi, wuyan wata barewa ya yi kore a gaban Jatau.

"Sarkin Baka, dubi hantsarta," ya raɗa wa Sallau. "Shayarwa take yi."

"Na gani. Amma ka san doka."

Jatau ya ɗebi ƙasa ya saki, ya ga inda iska ta nufa. Shekara arba'in bai taɓa bari dabba ta shinshino shi ba. Yau da gangan ya zagaya, ya tsaya inda iska za ta kai mata warinsa. Ta ɗaga hanci, ta arce, ɗanta ya tashi daga ciyawa ya bi ta.

Na'urar hannunsa ta ce, "Kuskuren maharbi. Haya tana nan."

Sallau ya sauke ajiyar zuciya. "Alhamdu lillahi! Har yanzu na'urar nan ba ta san iska ba."

"Ina koyo," in ji na'urar.